Mutumin da Likita Ya Hana Gudu

In an gama yankan dawar bana, shekara biyar ke nan da aka kashe yayana Malam Sada a kan dutsen da ke bayan gonakin ƙauyenmu, can yamma da Faskari ta wajen hanyar Sabuwa. Mutane suna ce mini shekara biyar ta isa zuciya ta huce. To, tawa dai ba ta huce ba, ban kuma ga alamar za ta huce ba. Na yi haƙuri da hukuncin Allah, wannan wajibi ne a kaina. Amma yafe wa waɗanda suka sassare shi, wannan ban yi ba, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa na yi ba.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunana Binta, aikin jinya nake yi a wani asibiti a Ƙanƙara. Shi kuwa manomi ne tun yana yaro har ya haura hamsin. Ƙato ne, mai faɗin kafaɗa, irin mutanen da ke ɗaga buhun masara su kaɗai su aza a amalanke suna hira. Yana kirana "Likitar gidanmu", amma don tsokana, domin ko ƙwayar ciwon kai ba ya karɓa a hannuna. Ya ce shi ba zai sha maganin wadda ya goya a bayansa tana majina ba.

Matarsa Lanti ce ta tona masa asiri. Ta bugo mini waya cikin damina ta ce Malam ya fara tsayawa a tsakiyar kunya yana dogara da fartanya yana haki, in ta tambaye shi sai ya ce shuka yake dubawa. Daga baya ya riƙa dafe ƙirji. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bayan shanun huɗa, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, mutanen gari suka rabu: wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce iska ta buge shi. Na je na ɗauko shi da masifa. Da lallashi ba a raba Yaya da gona.

Likitan da ya duba shi matashi ne, Dakta Mannir. Ya daɗe da abin saurare a ƙirjin Yaya, sannan ya bi sautin har zuwa wuya. Ya yi mana bayani cewa a bakin zuciya akwai wata ƙofa da duk jinin da za a aika wa jiki sai ya bi ta cikinta, ta buɗe ya wuce, ta rufe kada ya komo. Ta Yaya ta tsuke. Wannan kam kunne ya isa ya gane. Abin da kunne ba ya iya faɗa da tabbaci shi ne yadda ta tsuke: da sauƙi ne, ko tsaka-tsaki, ko kuwa ta kai inda mutum zai iya faɗuwa matacce yana tafiya. Na'urar da ke nuna hoton ƙofar a fili ba mu da ita, sai an je babban asibiti a birni. Hanya kuwa a lokacin, kowa ya san ana tare ta da rana tsaka. Likita ba ya son ya ɗora mutum a kan wannan hanya sai in zaman gida ya fi ta haɗari.

Don haka yake amfani da wata dabara. Yana da wani ɗan abu kamar murfin kwalba, da waya a jikinsa zuwa kwamfuta. Sai ya dafa shi a kan jijiyar wuya, inda jini ke bugawa, kwamfutar ta riƙa zana bugun. Don Yaya ya gane, sai ya fara da ni. Zanena ya fito yadda na kowane mai lafiya yake: layi ya miƙe sama tsaye lokaci guda, sannan ya gangaro. Sai aka dafa a wuyan Yaya. Nasa layin ba ya miƙewa. Jan jiki yake yi a karkace, kamar tsoho yana hawan tudu, ya ɗan yi rawa a tsakiya, sannan ya isa ƙololuwa a makare, ƙololuwar ma ba ta da tsayi. Likita ya auna tsawon lokacin da layin ke ɗauka kafin ya kai sama, da tsawon lokacin da zuciya ke ɓatawa tana tura jinin. Ya ce gwargwadon tsukewar ƙofa, gwargwadon jinkirin. Ya ƙara da cewa zanen yakan yi wa likita wayo a wurin tsofaffi ƙwarai, waɗanda jijiyoyinsu suka taurare, ya nuna abin da sauƙi alhali ba sauƙi, shi ya sa ba ya maye gurbin hoto. Amma na Yaya ko wayon bai yi ba. Tsukewar ta yi tsanani, sai an yi aiki an sauya ƙofar.

Yaya ya ƙura wa zanen ido, ya ce, "To Likita, kahin aikin, mi za ni bari?"

"Noma mai ƙarfi, Malam. Ɗaukar kaya. Hawa da sauri. Sama da komai kuwa, gudu. In ka yi gudu, jikinka zai nemi jinin da ƙofar ba za ta iya ba shi ba, in ka faɗi kuwa ba lalle ne ka sake tashi ba."

Sai Yaya ya fashe da dariya, har da buga cinya. Ya ce, "Likita, kai ba ɗan wajenmu ba ne ko? Mutumin Faskari za ka hana ma gudu? Ai mu yanzu noma da gudu tare muke yin su."

Likitan bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Yau da nake wannan rubutu abubuwa sun ci gaba. Ɗan abin da ake dafawa a wuya ya ƙanƙance, akwai na maƙalawa a yatsa da na ɗaurawa a hannu, ina kuma jin likitoci suna zancen koya wa kwamfuta ta riƙa karanta siffar bugun da kanta, ta ware mai tsanani daga mai sauƙi. Na yi murna da wannan, don na san abin da zai yi wa mutanen karkara. Amma na san abin da Yaya zai ce in da yana nan. Zai juya abin a hannunsa, ya yaba, sannan ya tambaya ko yana hango babura daga nesa.

Don a gane yadda ya mutu, sai na faɗi yadda ake noma a wajenmu tun da 'yan bindiga suka fara bin manoma har gona. Ba mai fita shi kaɗai. Gayya ake yi, gari duka a gonar mutum ɗaya, gobe a ta wani. Sannan a sa mutum guda ya hau dutsen da ke tsakanin gonaki da daji, da usur rataye a wuyansa. In ya hango su ya busa, kowa ya watsar da abin da ke hannunsa ya nufi rafi, inda ciyawa ke da tsayi. Shekarar da ta gabaci rasuwar Yaya, wanda ke kan dutsen ya hango su, ƙafarsa ta riga bakinsa. Sai da ya sauko ya tuna da usur. Waɗanda aka rutsa da su a gona ran nan, da igiyar ɗaurin dami aka ɗaure musu hannu ta baya, aka jera su a kan kunya, aka bi su da harsashi a ƙeya ɗaya bayan ɗaya. Ban ambaci sunan mai gadin ba, ba kuma zan ambata ba. Tsoro ba laifi ba ne, kuma har yau bai iya haɗa ido da matan da suka yi takaba.

Da Yaya ya koma gida da maganar likita, sai dattawan gari suka zauna suka yi masa abin da suke gani gata ne. Ba zai yanki dawa ba, ba zai ɗauki dami ba. Amma namiji irinsa ba a ce masa ya zauna a gida da mata alhali gari na gona, kuma wanda bai fita gayyar mutane ba, da wane ido zai kalle su in sun zo tasa? Sai Mai'unguwa, Alhaji Dikko, ya ce ai ga aikin zama nan, a ba shi usur. Kowa ya ce madalla. Har tabarma da buta aka haɗa masa.

Da labari ya iso ni, ko kayan aiki ban tuɓe ba na hau mota. Na sami dattawa a ƙofar gidan Mai'unguwa, na durƙusa na gaishe su don kada a ce boko ta ɓata ni, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Alhaji Dikko ya ce, "Haba ɗiyata, ai zama ne kurum za shi yi. Ga inuwa, ga iska. Mun tausaya mashi ne."

Na ce, "Baba, Allah shi daɗe da ranka, wa ya hi kowa kusa da daji in an hita gona? Wa ke da gudu mai tsawo in an busa?"

Dattawan suka dubi juna. Wallahi ba mugunta suka yi ba. Mutanen da duk rayuwarsu da ƙarfin dantse ake auna aiki, a wurinsu mai zaune ba ya aiki. Sun ji likita ya hana wahala, suka duba suka ga babu gumi a kan dutse, shi ke nan. Alhaji Dikko ya sunkuyar da kai ya ce a nemo wani. Sai Yaya, wanda tun da na fara magana yake ɓare goro, ya ce a bar maganar, zai gana da ƙanwarsa.

A zauren gidanmu ya ce mini, "Binta, su ba su lura ba. Ni na lura tun ranar da anka ba ni. Duk wanda ya hau dutsen ga, ido guda ga daji, ido guda ga hanyar sauka. Ni ko likitanku ya ɗauke mani hanyar sauka. Idona biyu duk na daji ne. Akwai wanda ya hi ni dacewa?"

Na gaya masa maganganu ran nan da ƙanwa ba ta gaya wa yayanta. Na ce wannan ba jarunta ba ce, taurin kai ne. Na ce ya dubi Lanti da 'ya'yansa. Ya bari na gama tas, ya ce in an kai dawa gida zai bi ni duk inda zan kai shi, su tsaga ƙirjin su sa ƙofar ƙarfe in sun ga dama. Kafin nan kuwa, ko Likitar gidansu za ta yi birgima a ƙasa, dutse zai hau. Dakta Mannir ya riga ya samo mana rana a babban asibiti. Abin da ya rage mini kawai shi ne in roƙi Allah ƙofar nan ta riƙe har a gama girbi. Ita nake tsoro. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, ya faɗi a kan hanyar hawa.

Bai faɗi ba. Lanti ta ce da an sallame asuba yake fita, ya riga kowa, don ya hau a hankali. Ya yi 'yan taku ya zauna, ya yi 'yan taku ya zauna, ya isa sama rana na fitowa. Likita ya ce kada ya hau da sauri, shi kuwa bai taɓa saɓa wannan ba.

Na ɗauki hutu na zo ana gobe za mu tafi, ranar da za a gama gonar ƙarshe. Da hantsi muka ɗauki fura da tuwo mu mata muka kai wa masu yanka. Na ɗaga kai na hango shi can sama, farar rigarsa a kan baƙin dutse. Ina sauke ƙwarya usur ya tashi.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane yadda gona cike da mutane ke fashewa ba. Lauje da ƙwarya da takalma duk a ƙasa. Mata suna fizgar yara ta hannu ɗaya. Kafin mu yi nisa muka ji rugugin babura ta yamma, sannan harbi, irin wanda ba ya yankewa. Kan dawa yana tsinkewa yana zubo mana a ka. Duka muka nufi rafi yadda aka saba.

Ka'ida ita ce mai gadi ya busa da ƙarfi ya yi ta kansa. Amma wannan usur bai tsaya ba. Ya ma sauya, ya koma gajere-gajere, a jere, kamar ana kiran mutum da faɗa. Dole muka waiwaya. Yaya yana tsaye a ƙololuwar dutsen, inda kowa ke ganinsa, mu da su. Ya tuɓe rigarsa yana kaɗa ta da hannu biyu zuwa gabas, yana nuna mana mu bar rafi. Daga sama ya ga abin da ba ma gani: 'yan bindigar sun raba kansu biyu, wasu sun riga sun kwanta a cikin ciyawar rafin suna jiranmu. Sun san hanyar gudunmu. Da a ce wanda ke kan dutsen ya sauka tun busar farko, da da ƙafarmu za mu kai kanmu.

Muka juya muka faɗa cikin dawar da ba a yanke ba ta gabas. Mutum biyu da suka fi kowa sauri sun riga sun kai bakin rafin. Ɗaya aka harbe shi a fuska. Ɗayan ya juyo da gudu, suka cim masa da adda, ina jin ihunsa yana kiran sunan uwarsa har ya daina. Da suka ga gonar ta zama wayam, sai suka huce a kan damman dawa, suka yayyafa fetur suka cinna wuta. Sauran kuma suka juya bindigoginsu kan dutse.

Ni da Lanti muna kwance rub da ciki a cikin kunya, tafin hannuna a kan bakinta. Muna jin harsashi yana tsalle a jikin dutse. Muna jin usur. Ya ɗan yanke, ya dawo da rauni, amma ya dawo, domin akwai sauran mutane a can ƙasa da ba su gama juyawa ba. Muka ji suna hawa suna zagi. Yana ganinsu suna tahowa, akwai kuma hanyar sauka ta baya wadda duk yaron garin ya sani. Usur ɗin bai daina ba sai da suka isa.

Da suka kora shanun gari suka tafi, ban san yadda na hau dutsen ba. Na same shi a jingine, tabarmarsa ta jiƙe sharkaf. Harsashi ya fasa masa cinya. Sun sare shi a kafaɗa da ka, hannunsa na dama da ya kare da shi saura fata ta riƙe. Sun buga masa gindin bindiga a baki da usur ɗin a ciki, haƙoransa na gaba duk sun zube. Na cire mayafina na ɗaure cinyar da iyakar ƙarfina, ina yi ina sane da cewa jinin da ya zuba ya wuce abin da mayafi zai mayar. Sannan na kai yatsuna wuyansa, daidai inda likita ya dafa abinsa.

Yana bugawa. Wallahi yana bugawa. Irin bugun nan nasa da na gani a zane, mai tasowa a hankali, mai zuwa a makare, na ji shi a ƙarƙashin yatsuna. Zuciyar da na yi wata da watanni ina fargabar za ta ci amanarsa, ga ta tana ta aikinta bayan harsashi da adda. Ya buɗe ido ɗaya, ya motsa bakin da ya farfashe. Na kai kunne.

"Sun juya?"

Na ce, "Sun juya, Yaya. Sun tsira."

Na riƙa maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Ban ɗauke yatsuna ba. Bugu ya zo, na jira, wani ya zo. Na saba nasa yana jinkiri, don haka na daɗe ina jiran na gaba.

Da na koma aiki na ba Dakta Mannir labari, sai ya ce shi a lissafinsa ko kaɗa rigar nan da hannu biyu ya isa ya kayar da mai irin wannan zane. Na ce masa lissafinsa bai yi kuskure ba. Duk abin da zanen ya faɗa gaskiya ne, mutumin nan ba zai iya gudu ba. Ni na ji wannan na ce a ɓoye shi. Shi ya ji ya ce a ba shi usur.

Yau rabin ƙauyenmu kango ne. Lanti tana wurina a Ƙanƙara da 'ya'yanta. Waɗanda suka juya ran nan suna nan, wasu a Mairuwa, wasu a Funtuwa suna dako, wasu sun koma sun ci gaba da noma a ƙarƙashin dutsen, an kuma ce har yanzu ana hawa. Ana ta zancen sulhu, har mutum ya je kasuwa ya ga wanda yake zargi yana cinikin tumatir da bindiga a kafaɗa. Ba na zagin waɗanda suka yarda da sulhu, domin su ke kwana a can, ba ni ba. Na san Yaya ma da zai ce in dai za a kai dawa gida lafiya, a yi. Ya fi ni sanyin zuciya nesa ba kusa ba. Ni in na ga irin waɗannan mutane, hannunsu nake kallo.

Me ya rage na Malam Sada? Gonarsa ta zama saura, shanunsa suna cikin waɗanda aka kora. Abin da ya rage shi ne mutanen da ke yawo da ransu a yau, da kuma abin da ya bari a yatsuna. Ba majiyyacin da zai zo da haki ko jiri in bar shi ya wuce ban taɓa wuyansa ba, kuma in bugun ya taso a hankali ba na bari sai an yi masa zane. Ta haka an kama wasu da wuri, an yi musu aiki, sun warke.

Kwanan baya aka kawo wani dattijo daga Pauwa, ya suma a gona. Na taɓa wuyansa, na ji abin da na sani. Aka dafa na'ura, sabuwa fil, wadda ta fi ta da kyau, layi ya ja jiki a karkace ya isa a makare. Likitan da ke wurin yanzu ya yi masa bayani tsaf, ya ce kafin a yi aiki ban da noma, ban da ɗaukar kaya, sama da komai ban da gudu. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ɗana, a garinmu?"

Na ajiye abin da ke hannuna na fita waje. Shekara biyar, mun ƙware wajen gane wanda ba zai iya gudu ba, amma har yau ba mu da garin da za mu mayar da shi.

Allah Ya jiƙan Yaya Sada, Ya karɓi shahadarsa tare da ta waɗanda suka faɗi a bakin rafi.